Yadda Ikko Ke Shiga Ran Wanda Ya Je Neman Abinci

Kafin ɗan Arewa ya taka Ikko, labarinta ya riga ya cika masa kunne. An gaya masa gari ne da ba a tsayawa gaisuwa, ba mai tambayar ka iyali, kowa sauri yake kamar an biyo shi. Ya ji labarin cunkoson motoci a kan gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, da 'yan tasha masu karɓar kuɗi da tsiya, da zafi mai gumi, da tsadar ɗakin haya. Shi ya sa yawancin masu zuwa ba marmari ne ke kai su ba. Direban tirela ne da aka yi wa lodin albasa daga Aliero, ko ɗan kasuwar Kantin Kwari da kayansa suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ko ma'aikacin da ofishinsu ya tura kwas, ko saurayin da ya gama girbi ya fita ci-rani. Kowannensu ya tafi da niyyar ya gama abin da ya kai shi ya juyo. Sai dai da yawa kan dawo da wata magana dabam a baki. Ba sa musun wahalar garin, su ma sun sha ta, amma idan aka zagi Ikko a majalisa sai ka ji suna kare ta, kuma ranar komawa ba ta yi musu nauyi kamar zuwan farko. Mutanen gida suna da fassara a shirye: duniya ta ruɗe shi, bariki ta shiga jininsa. Ina ganin an yi gaggawar yanke wannan hukunci, domin akwai irin son birni da addini da hankali duka za su iya tsaya masa.

Abin da ke kama zuciyar mai neman abinci a babban birni, a ganina, shi ne amanar da ke gudana tsakanin mutanen da ba su san asalin juna ba, kuma buƙata ce kaɗai ke nuna wa mutum ita. Mai yawon buɗe ido zai sauka a otal, a zaga da shi Lekki da bakin teku, ya biya kuɗin komai, ya koma bai jingina da kowa ba. Nasa hangen Dala ne, ba shiga birni ba. Wanda ya iso kasuwar Mile 12 da asuba da kwandunan tumatir, bayan tafiyar kimanin kilomita 1,000, ba shi da wannan sararin. Kayan gwari ba sa jira. Dole ya miƙa su ga dillalin da bai san gidan ubansa ba, ya bar 'yan dako su ɗauke su daga gabansa, ya yarda da 'yar sari Bayarabiya da ba su haɗa yare sosai ba, ya amince cewa kuɗin da aka ce an tura sun shiga. A garinsu, idan ya ba da bashi, ya san wa zai kai wa ƙara: akwai uba, akwai mai unguwa, akwai kunyar dangi. A nan babu ko ɗaya, amma sai ya ga a mafi yawan lokuta an cika alkawari. Ana cuta a Ikko, babu mai musun wannan. Amma da cutar ce ta fi yawa, da garin da ƙidayar 2006 ta ba shi mutum miliyan 9, gwamnatinsa kuma ta ce sun haura miliyan 17, bai wayi gari da abinci a kasuwa ba ko na mako guda. Baƙon da ya ga wannan da idonsa ya koyi wani abu game da ɗan Adam wanda zaman gida ba zai koya masa ba, domin a gida ba ya iya bambance gaskiyar mutum da tsoronsa na abin da za a ce.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin fataucin Hausawa. Tun zamanin da ayari ke kai wa Gwanja neman goro, tsarin zango ya ginu ne a kan maigidan da ke sauke baƙo, ya ajiye masa dukiya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa. Da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, tsarin ya bi jirgi ya sauka Kudu, aka samu zango a Agege saboda goro, aka kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916. Wani masanin halayyar al'umma, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanta a 1969. Abin da ya bayyana game da cinikin shanu ya isa a tsaya a kai. Falke zai kawo shanu daga Arewa, a sayar da su bashi ga mahauta Yarbawa, babu takarda, babu banki, babu lauya. Maigida ne ke lamuni: idan mahauci ya gudu, shi zai biya, don in bai biya ba sunansa ya ɓaci har Arewa, ba wanda zai ƙara sauka a gidansa. Mai suka zai ce ai wannan amanar 'yan gida ɗaya ce, ta ƙabila da ɗariƙa, domin Cohen da kansa ya nuna yadda Tijjaniyya ta ƙara ɗaure mutanen Sabo a shekarun 1950. Haka ne, amma wannan rabin labarin ne. Wanda ake ba bashin Bayarabe ne, kuma mutanen zangon su ma ba dangin juna ba ne. Bakano da Bakatsine da Babarbare da Buzu birni ne ya tara su har ya kira su da suna ɗaya. A zango aka ƙulla zumuncin, ba daga gida aka zo da shi ba.

Addini bai ɗauki irin wannan hulɗa a matsayin ƙaramin abu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma wadda ke bi mata ta yi magana ne a kan matafiyin da bai samu marubuci ba: ta halatta masa karɓar jingina, sannan ta ɗora wa wanda aka amince masa nauyin mayar da amana. Ke nan an san cewa tafiya za ta kai mutum inda babu shaida sai tsoron Allah. An ruwaito cewa Sayyidina Umar bai karɓi yabon da wani ya yi wa wani ba sai da ya bincika ko sun yi maƙwabtaka, ko sun yi tafiya tare, ko kuɗi sun taɓa shiga tsakaninsu. Ganin mutum yana ruku'u a masallaci bai wadatar da shi ba. Biyu daga cikin ma'aunan nan uku su ne abincin yau da kullum na mai fita neman halali. Tarihin Hijira ma ya fi kusa da batunmu fiye da yadda aka saba lura. Muhajirai ba sha'awa ce ta kai su Madina a shekarar 622 ba, tilas ce, kuma garin bai karɓi jikinsu ba da farko. Zazzaɓi ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal, Bilal yana ta begen kwarurukan Makka, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙi Allah Ya sa musu son Madina kamar son Makka ko fiye. Babu mai haɗa darajar Madina da ta wani gari, amma darasin ya fito: son garin da larura ta kai ka abu ne da ake roƙo, ba cin amanar mahaifa ba ne. Abdurrahman bin Auf kuwa, da ɗan'uwansa na Ansar Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, godiya ya yi ya nemi a nuna masa kasuwa. Kasuwar da ya shiga ta Banu Ƙainuƙa'a ce, ta Yahudawa, ya dawo da ribar cuku da man shanu.

Babbar hujjar masu zargin birni tana wurin Ibn Khaldun, kuma ba hujjar da za a yi wa dariya ba ce. A Muƙaddimarsa, wadda ya rubuta a 1377 yana keɓe a wata ganuwa a ƙasar Aljeriya ta yau, ya nuna cewa mutanen karkara sun fi kusa da alheri da jarumta, birni kuwa yana koya wa mutum jin daɗi, jin daɗi ya ƙara masa buƙatu, buƙatu su tura shi ga dabara da ha'inci, har zumuncin da ke riƙe al'umma ya saki. Duk wanda ya ga yadda saurayi ke dawowa daga Kudu da sabon ɗinki da raina tuwon gidansu ya san akwai gaskiya a nan. Sai dai a lura da wanda malamin yake magana a kai: mai wadata ne da ya gaji birni, ya saba a yi masa komai, ya bar wa ganuwa da dakarun sarki tsaron kansa. Mai turin ruwa a Idi-Araba da maigadin da ke kwana a bakin ƙofa ba jin daɗi ne ke barazana gare su ba. Kuma shi Ibn Khaldun ɗin ne ya tabbatar da cewa sana'o'i da ilimi ba sa kammala sai inda jama'a ta yi yawa, tunda mutum ɗaya ba ya iya noma wa kansa, ya ƙera, ya saƙa, ya gina. Rayuwarsa ma ta ƙara wa maganar gishiri. Ya bar Tunis da sunan aikin Hajji, ya shiga Alƙahira a 1383, girmanta ya girgiza shi har ya yi mata yabo mai yawa a tarihin rayuwarsa da ya rubuta. Ya koyar a Azhar, ya riƙe alƙalancin Malikiyya sau shida, a can ya rasu a 1406. Mutumin da ya fi kowa sanin cutar birni bai iya barin ɗaya daga cikin birane mafiya girma a zamaninsa ba, kuma bai janye ko ɗaya daga cikin maganganun biyu ba.

Akwai zargin da ya fi wannan zafi, wanda iyaye mata suka fi yi ko da ba su faɗa da baki ba. Suna ganin abin da yaro yake so a birni shi ne rashin ido. A gida kowa ɗan wani ne. Idan ya kauce, kafin ya iso ƙofar gida labari ya riga shi. A Ikko ba wanda ya san shi, sai ya sha abin da ya ga dama, ya kwana inda ya ga dama, ya kira wannan 'yanci. Bajamushen nan Georg Simmel, a wata maƙala da ya yi a 1903 a kan babban birni da tunanin mazauninsa, ya yi bayanin yadda yawan jama'a ke sa mutum ya janye zuciyarsa daga na kusa da shi don ya tsira da hankalinsa, kuma ya ce wannan halin ko-in-kula shi ne kuma ke ba mutum sararin da ƙaramin gari ba ya bayarwa. Wuƙar tana yanka ta kowane gefe, kuma wasu lalle sun yanke da ita. Amma a duba abin da idon gida yake tsarewa ban da tarbiyya. Yana tsare asali. Yana tuna wa ɗan mahauci da ɗan wanzami da ɗan maroƙi inda aka ajiye su, yana tuna kakan wane bawan kakan wane ne, yana hana ɗan babban gida ɗaukar kaya a ka ko da yunwa za ta kashe shi. Mutane da yawa sun tafi Kudu sun yi dako, sun yi wankin takalma, sun yi gyaran farce, sana'o'in halal da kunya ta hana su yi a garinsu, suka ciyar da iyaye da kuɗin. Wanda ya ji sanyi a ransa don an auna shi da aikinsa, ba a tambayi sunan kakansa ba, ba fasiƙanci yake so ba; abin da ya ɗanɗana ya fi kusa da ma'aunin da Suratul Hujurati ta kafa, inda aka jingina fifiko ga taƙawa, aka mayar da bambancin ƙabilu hanyar sanin juna.

Ta fuskar ibada ma rashin idon yana da wata fa'ida da malaman tarbiyya suka daɗe da sani. Imam Ghazali ya yi dogon bayani a Ihya'u a kan riya, yadda take ɓuya a cikin aikin kirki har mai ita bai sani ba. Mutumin da ke zuwa sallar asuba a unguwar da za a lura in bai zo ba, ba shi da hanyar sanin don wa yake tashi. Ranar da ya tsinci kansa a garejin Agege ko bayan wata rumfa a Alaba Rago, ba uba ba malami, ya shimfiɗa kwali ya yi salla, ranar ya samu amsar. Wani zai samu amsar da ba ta yi masa daɗi ba. Wannan ba laifin garin ba ne, abin da yake ɗauke da shi tun daga gida ne ya fito fili.

Sai zargin da ya fi wuyar amsawa, domin jini ne hujjarsa. Idan amanar birni gaskiya ce, ina take a watan Fabrairun 2002, lokacin da rikici ya ci rayuka a Idi-Araba? Ina take a Maris na 2016, da aka yi faɗa a Mile 12 har gwamnati ta rufe kasuwar, ko a Fabrairun 2021, da aka ƙona shaguna a kasuwar Shasha ta Ibadan? Gwamnatin da ta rushe unguwar Maroko a 1990 ta watsa dubban iyalai, wadda ta hana acaba a manyan sassan garin a 2020 da 2022 ta bar samarin Arewa da yawa ba abin yi, ita ma fuskar birnin ce. Mai wannan zargi zai ce abin da baƙo ya ɗauka amana ce, lissafi ne kawai: ana cika maka alkawari don gobe ana buƙatar tumatirinka, ranar da siyasa ta fi tumatir riba a juya maka baya. Ban ga dalilin musun cewa buƙata ce tushen abin ba. Tambayar ita ce ko wannan ya zubar da darajarsa. Shari'a ba ta taɓa sharɗanta wa ɗan kasuwa ya so abokin cinikinsa kafin a rubuta masa ladan gaskiya ba. Ta nemi ya cika mudu, ya bayyana aibin kaya, ya biya a kan lokaci. Kuma hali yana ginuwa ne da maimaici. Mutum biyu da suka shekara goma suna ba juna bashi saboda riba, a shekara ta goma sha ɗaya ba riba kaɗai ke tsakaninsu ba. Suna zuwa sunan 'ya'yan juna, suna zuwa ta'aziyya. Bayan rikicin Shasha, 'yan kasuwar abinci da dabbobi na Arewa sun dakatar da kai kaya Kudu. Farashi ya tashi a Ikko, kayan gwari suka yi kwantai a hannun manoma a Arewa, cikin 'yan kwanaki aka janye. Za a iya karanta wannan a ce kowa cikinsa ya bi. Za a iya kuma cewa ɓangarorin biyu sun ga abin da direban tirela ya daɗe da sani, cewa an ɗaura arzikin kowannensu a wuyan ɗayan, kuma ba su ne suka zaɓi hakan ba. Mai imani da cewa Allah ne ke raba arziki ba zai ga wannan ɗaurin a matsayin haɗari ba.

Inda nake ganin masu son birni suke da bashi a kansu shi ne batun zama baƙo har abada. Yana da sauƙi ka so garin da kake da ranar barinsa. Mai ci-rani yana kwana a rumfa ko a masallaci, yana jure abin da ba zai jure a gida ba, domin zuciyarsa na ƙirga kwanakin saukar damina. Ba ruwansa da magudanar da ta toshe, ba ruwansa da makarantar unguwa, ba ya rajistar zaɓe a nan. Ya ci daɗin amanar garin bai zuba nasa kason wajen gyaransa ba, sai abin da ya shafi cinikinsa. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu bai ba matafiyi wannan dogon uzuri ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya daina ƙasaru, ya cika sallarsa kamar kowa. Hukuncin na salla ne, amma yana nuna yadda shari'a ke kallon zama: rangwamen tafiya gajere ne, bayansa kai mazauni ne. Haƙƙin maƙwabci kuwa bai jira ka sayi fili ba, kuma bai tambayi addinin maƙwabcin ko yarensa ba. Mutumin da ya shekara ashirin a Agege, ya yi aure a can, 'ya'yansa suna jin Yarbanci fiye da shi, amma har yanzu yana cewa shi baƙo ne da ya zo neman kuɗi, ya riƙe rangwamen da ya daɗe da ƙarewa. Irin wannan zaman ne ke sauƙaƙa wa ɗan siyasa ya nuna shi da yatsa ranar da ake neman wanda za a ɗora wa laifi, domin bai taɓa zama a taron unguwa an san muryarsa ba.

Akwai kuma wadda ke biyan kuɗin wannan so ba tare da an shawarce ta ba, wato matar da aka bari a ƙauye da yara, tana jiran abin da za a turo ta hannun mai POS. Ita ba ta ga Mile 12 da asuba ba, ba ta ga dillalin da ya cika alkawari ba. Abin da ta gani shi ne watannin da ke ƙaruwa tsakanin zuwa da zuwa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya iyakance tsawon lokacin da mayaƙi zai yi nesa da iyalinsa bayan ya ji koken wata mata da dare, alhali jihadi ne ya fitar da mijin. Idan an yi wa mai jihadi iyaka, mai sayar da albasa ba shi da hujjar cewa kasuwa ce ta riƙe shi.